Tun da muka dawo daga asibiti ɗana ya mayar da kowa majinyaci: in hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim, 'ya'yana uku. Na tsakiyan namiji ne ɗan shekara huɗu, zazzaɓi ya kwantar da shi a daminar da ta wuce har aka yi masa ƙarin ruwa da jini. Tun da aka sallamo mu ba shi da wasa sai na likita. Sai ya zura farar rigar babansa tana jan ƙasa, ya ɗauki tsinken tsintsiya ya bi 'yar tsanar yayarsa da allura, har ni da akuya bai ƙyale ba. Kakarsu ta ce kiran ciwo yake yi, in hana shi. Ran nan kuma ta gan shi ya ɗaura ɗankwalina ya goya takalmi, ranta ya ɓaci ƙwarai. Yayarsa mai shekara shida ita ma kullum cikin mayafina take, wai ita malama ce. Autar ba ta daɗe da fara tafiya ba. Wannan wasa yana da illa? In hana su ko in ƙyale su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ƙara wa yaron nan lafiya, ya raya miki su duka. Kada ki hana shi. Abin da yake yi da farar rigar nan da tsinken tsintsiya, a wurina alama ce ta yana warkewa daga wani ciwon da ƙarin jini bai taɓa ba, wato tsoron da ya kwaso a gadon asibiti. Sai dai akwai abubuwan da nake so ki riƙa lura da su, kuma maganar kakarsu ba abin watsarwa ba ce, zan zo kanta.

Ki tuna abin da ya gani. Jiki zafi rau, an kai shi wurin da bai sani ba, mutanen da bai taɓa gani ba sun taru a kansa suna neman jijiya. An soka an rasa, an sake sokawa. An naɗe masa hannu da filasta an ce kada ya motsa. Abin da ya fi ɗaure masa kai, uwar da ya saba gudu wurinta in abu ya tsorata shi, ita ce ta danne masa ƙafafu. Ke kin san ceton ransa ake yi, shi bai sani ba. Da babba ne, duk wanda ya shigo dubiya sai ya ba shi labari tun daga farko, yadda aka sha wahalar samun jini, yadda dare ya ƙi wucewa, yana faɗa yana maimaitawa har abin ya yi masa sauƙi a zuciya. Ɗan shekara huɗu ba shi da bakin yin haka, sai ya ba da labarin da hannunsa. Kuma dubi yadda ya juya lamarin: a asibiti shi aka danne, a tsakar gida shi ke riƙe da allura, shi ke cewa a tsaya, shi ke cewa an gama.

Masana halayyar yara sun daɗe da gane wannan. Tun wajejen 1920 Anna Freud da Melanie Klein suka fara amfani da wasa wajen fahimtar damuwar ƙananan yara a Turai. A 1947 wata Ba'amurkiya, Virginia Axline, ta shimfiɗa tsarin da har yau masu jinyar yara ta hanyar wasa ke bi: yaro ne ke jan ragamar wasan, babba yana biye da shi, yana faɗa masa abin da ya gani, ba ya gyara masa, ba ya yi masa wa'azi. A manyan asibitocin yara na Amurka akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, su zauna da yaro da 'yar tsana da kayan likita na wasa kafin a shiga da shi tiyata da kuma bayan ya fito. Mu nan ma, a cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na jinyar yaro mai tamowa mai tsanani, akwai wasa da kulawa, minti 15 zuwa 30 kowace rana. Da nake aiki da iyaye mata a ɗakin masu tamowa, yaron da ya fara miƙa hannu ya ɗauki murfin kwano ya kifa a kansa kamar hula, mukan san ya kama hanyar gida.

To, me za ki yi? In ya zo miki da tsinkensa, ki miƙa hannu. Ki ce, "Likita, me ke damuna?" Ki bar shi ya faɗa. In ya soka, ki ɗan yamutsa fuska ki ce, "Wash, da zafi kam." Kada ki ce masa ai babu zafi, domin ya san akwai. Sannan ki kasa kunne ga abin da yake gaya wa 'yar tsanar. Za ki iya jin ya ce mata, "Yi shiru, an kusa gamawa," irin abin da ke kika riƙa gaya masa. Za ki iya jin kuma ya daka mata tsawa, "In ba ki tsaya ba zan ƙara miki wata!" Nan ne za ki san abin da ya tsaya masa a rai. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ya isa ki ce, "Ta ji tsoro ko? Kai ma ka ji tsoro ran nan, ga shi yanzu ka warke." Minti goma bayan kin sauke tukunya ya wadatar. Ina kuma roƙonki, ke da duk mutanen gidan, ku daina yi masa barazana da allura. "Ka yi shiru ko in kai ka a yi maka allura" magana ce da ta zauna a bakinmu, amma ga yaron da ya kwanta asibiti tana rushe abin da wasan ke ginawa, kuma gobe in za a yi masa rigakafi ko zazzaɓi ya dawo, ke za ki sha fama.

Akwai dai wasan da ba ya warkarwa, ya kamata ki iya rarrabewa. A 1976 an sace yara 26 daga motar makaranta a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya, aka binne su da rai a cikin wata babbar mota har suka samu suka tono kansu. Wata likitar ƙwaƙwalwa, Lenore Terr, ta bi yaran nan shekaru, ta ga wasu suna maimaita abin da ya faru a wasa, amma wasan babu daɗi a ciki, kullum iri ɗaya, kuma yaro ya tashi daga shi a firgice fiye da yadda ya shiga. Don haka abin dubawa shi ne ko wasan ɗanki yana motsi. Yau allura, gobe ya ba 'yar tsana magani, jibi ya sallame ta ta koma gida, wata rana likitan ya zama direba ko mai shago, ana yi ana dariya: wannan lafiya lau ne ko da ya ɗauki watanni. Amma in kullum wuri ɗaya yake tsayawa, fuska a murtuke, ba ya yarda kowa ya shiga, ga firgita cikin barci, ga fitsarin kwance bayan ya daina, ga ƙiwa mai tsanani ko ƙin abinci, kuma an wuce wata guda a haka, to ki kai shi babban asibitin da ya fi kusa da ku ki faɗa wa likita dukkan wannan. In da buƙata za su tura ku Dutse, asibitin Rasheed Shekoni, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan ya shafi duk yaron da ya ga abin tashin hankali. Bayan ambaliyar 2022 da ta ci garuruwa a ƙasashen Haɗeja da Ringim, ba abin mamaki ba ne a ga yara suna gina gidan ƙasa su kwara masa ruwa, ko su naɗe kara a tsumma su yi masa jana'iza. Manya kan tsorata su ce mugun fata ne. Abin da ya riga ya faru suke juyayi.

Ita kuwa malamar gidanku mai mayafi, wani aikin take yi. Ki tsaya ki kalle ta wata rana ba tare da ta sani ba. Yarinyar da ke kuka in an hana ta ƙosai, da ta yafa mayafin nan sai tafiyarta ta canza, muryarta ta canza, ta zauna a kan turmi ta harɗe, ba ta tsalle, ba ta tsotsar yatsa, domin malama ba ta yin haka. Babu wanda ya kafa mata wannan doka, ita ta ɗora wa kanta, kuma tana bi. Wani masani ɗan Rasha, Lev Vygotsky, ya yi bayanin wannan a wata lacca a 1933. Ya ce duk wasan kwaikwayo na yara cike yake da ƙa'idoji a ɓoye, kuma a cikinsa yaro yakan zarce shekarunsa, ya yi abin da a zahiri bai kai yi ba. A 1948 wata mai bincike a can Rasha, Manuilenko, ta gwada abin: in aka ce wa ɗan shekara huɗu ko biyar ya tsaya cak, nan da nan yake motsawa, amma in aka ce shi ne mai gadin ƙofa a cikin wasa, sai ya daɗe a tsaye ninkin ba ninkin. A 2017 Rachel White da Stephanie Carlson da abokan aikinsu a Amurka sun ba yara 180, 'yan shekara huɗu da shida, wani aiki mai gundura na minti goma, ga kuma wasa mai daɗi a gefe in sun ga dama su koma kansa. Waɗanda aka ba kayan wani jarumi da suke so, irin su Batman, aka ce su ɗauka su ne shi, sun fi sauran jurewa a kan aikin. Wannan juriya, da iya danne son rai, ita ce yaro ke buƙata ranar da zai zauna gaban allo ko a aji.

Ga kuma harshe. A bakin yarinya mai wasan malama ko mai tallar wasa za ki ji kalmomin da ba ta taɓa yi miki magana da su ba: gaisuwar manya da tambayar gajiya da iyali, taya ciniki da "albarka", rarrashi, faɗa. Dole ta yi shawara da ƙawayenta wa zai zama uwa, wa zai zama ɗa, ta yi haƙuri in yau ba ita ce amarya ba. Kuma ta kan shiga rigar wani ta hango duniya daga inda yake tsaye, wanda shi ne tushen tausayi. Ki saurara kuma, domin yadda take yi wa ɗalibanta na kara haka ake yi musu a makaranta. In bulala ba ta sauka daga hannunta, yana da kyau babansu ya leƙa makarantar.

Ba na so in yi wa abin ƙari. A 2013 Angeline Lillard ta Jami'ar Bajiniya da abokan aikinta sun bi binciken da aka yi na shekaru masu yawa, suka ce hujjar cewa wasan kwaikwayo shi kaɗai ke ƙara wa yaro basira ba ta yi ƙarfi ba. Hanya ce ɗaya cikin hanyoyi. Abin da hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne babba ya zauna ya yi wasa da hira da yaro. A birnin Kingston na Jamaika, daga 1986, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajensu mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da 'ya'yansu da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su, aka tarar abin da suke samu ya fi na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. A yankinmu da tsumburewar yara ta yi yawa, wannan labari ya shafe mu kai tsaye.

Kada kuma wani ya ce miki wannan abin Turawa ne. Mu muka gaji tashe. Daga goma ga azumi, bayan shan ruwa, yaro ya liƙa gemun auduga, ya sa tsummokara, ya dogara sanda ya ranƙwafa, ya zama tsoho da gemu. Wani ya rungumo saiwoyi da ganyaye ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu. A ƙauyuka bayan an kawar da amfanin gona samari da 'yan mata kan yi kalankuwa, a naɗa sarki da gwamna da alƙali da 'yan sanda. Bayan hawan salla kowane lungu sai ka ga mahaya dokin kara da rawanin tsumma, wani na gaba yana "hattara". Auren 'yar tsana kuwa har da gara da kai amarya. Abin da ke damuna shi ne waɗannan suna ja da baya, waya tana cin lokacin yara maza, talla da aikin gida suna cinye na mata tun suna shekara shida.

A addini ma muna da madogara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma yakan turo mata ƙawayenta su yi tare. A ruwayar Abu Dawuda ya ga wani doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikin kayan wasanta, ya tambaya, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ce sukan yi wa yaransu abin wasa da gashin tumaki ranar azumin Ashura. Kuma Nasa'i ya ruwaito yadda Manzon Allah ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa ba.

Yanzu maganar ɗankwali. Na fahimci kakarsu. Hadisin da ya tsine wa maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza ingantacce ne, kuma tsoronta tsoron mai ƙauna ne. Amma ki duba rayuwar ɗan shekara huɗu a gidajenmu. Babansa ya fita gona ko kasuwa tun da sassafe, shi kuwa yana cikin gida daga ke sai yayarsa sai matan maƙwabta. Goyo yake gani, daka yake gani, ɗaurin ɗankwali yake gani, kuma yanzu ga ƙanwa ta karɓe masa bayanki. Yaro abin da idonsa ya gani yake kwaikwaya, kuma yawancin yara maza a wannan shekaru sukan yi haka su wuce. An ɗauke alƙalami a kan yaro har ya balaga, tarbiyya kuma a hankali ake yin ta, shi ya sa aka ce a umarce su da salla a shekara bakwai. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne duka, ko a yi masa dariya a gaban mutane, ko a laƙaba masa mummunan suna. Suna irin wannan yakan bi yaro har girmansa, kuma ya koya masa ɓoye miki abin da ke ransa. In kin gan shi da ɗankwalin, cikin fara'a ki ce, "Kawo in naɗa maka rawani, ranka ya daɗe," ki mayar da ƙyallen rawani. Goyon takalmin kuwa ki bar masa, namijin da ya iya rarrashin jariri ba abin kunya ba ne. Babban gyaran yana hannun maigidanki: ya riƙa ɗaukarsa zuwa masallaci, da bakin gona, da zaure in ana hira, ya ba shi tsohuwar hula da 'yar fartanyar kara. Da ya sami maza abin kallo za ki ga wasan ya bi can.

Kakarsu kuma kada ki yi jayayya da ita, kada ki ce mata canfi ne. Ki bar ɗanta ya yi mata bayani, ko ki ce ma'aikatan lafiya sun ce wasan na cire masa tsoro. Hanya mafi sauƙi ita ce ki jawo ta ciki. Ai ita ce ke kiransa maigida tana tambayarsa kuɗin cefane, shi kuma yana cewa ya sake ta. Wasan kaka da jika ma kwaikwayo ne, ta fi ki iya shi. Ki turo mata likitan ya duba mata gwiwa. Tsohuwar da jikanta ya shafa wa gwiwa ya ce ta warke, da wuya ta sake cewa a hana shi.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne kayan wasan. Ki tanadi tsohon buhu ko kwando ki zuba musu tsofaffin riguna, hula, ɗankwali, jaka, ƙoƙo, murafen kwano, faifai, su san nasu ne, su daina taɓa na sawa. Ba sai kin sayi komai ba. Amma sirinjin da aka yi amfani da shi, irin wanda yara ke tsinta a bola bayan kemis, kada ya shigo gidanki ko da an cire allurar, domin ta nan ake ɗaukar ciwon hanta da wasu cututtukan jini. Haka ragowar ƙwayoyin magani. Robar maganin feshi da ta maganin ciyawa da aka yar a gona, yara kan mayar da su tukunyar wasa ko butar shayi, alhali guba ce ko an wanke. Leda ba ta zama hijabi, igiya ko gyale ba ya zagaye wuya, doguwar riga mai jan ƙasa ba ta zuwa kusa da murhu ko bakin rijiya. Kwalliyar amaryar wasa kuma a bar kwalli daga ciki, domin yawancin kwallin dutse na gargajiya yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko kaɗan ce.

Wasan ango da amarya a tsakanin sa'o'i, a tsakar gida inda ido ke kai, ba komai. In akwai wanda ya girme su sosai a ciki, ko ana jan su kango ko bayan rumbu, ki raba. In kuma kika ga yaro yana kwaikwayon abin da shekarunsa ba su kai ya sani ba, kada ki rufe shi da duka. Ki kwantar da murya ki tambaye shi a ina ya gani, wa ya nuna masa, domin sau da yawa ta haka ake gano an taɓa yaro. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke karɓar irin wannan.

Autar taki ma ki fara lura da ita. Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ya kamata ki ga ta kara takalmi a kunne tana waya, ko ta ba 'yar tsana ruwa a ƙoƙon da babu komai. In ta cika shekara biyu babu irin wannan, ba ta nuna miki abu da yatsa, ba ta waiwayowa in an kira sunanta, ki kai ta a duba jinta tukuna, sannan likitan yara ya duba ko akwai larurar otizim, wato wadda ke sa yaro ya sha wahalar magana da cuɗanya da mutane, domin taimakon da aka fara da wuri ya fi amfani.